Sunan da Ba Ya Cikin Kaset

Tasawa, ƙarshen damina.

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Uwata,

Sallama a gare ki, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. Allah ya tsare ki, ya tsare hanyar da za ki bi zuwa Yamai, ya raba ki da mugun abokin tafiya da mugun maƙwabci, ya sa ki shiga jami'ar nan lafiya ki fito lafiya. Amin.

Na san za ki ce, yau kuma me ya sami Baba, muna gida ɗaya yana rubuto mini wasiƙa? Kin san dalili. Sunan mahaifiyata aka sa miki, shi ya sa tun ranar sunanki ban taɓa kiranki da shi ba, kuma duk lokacin da na zauna gabanki da doguwar magana sai bakina ya yi nauyi, kamar mai sunan ce zaune. Takarda ba ta kallona, sai na fi sakewa da ita. In kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri, shekarun da na yi ina leƙen cikin rediyo da salular mutane sun cinye mini ido. Na gaji, Uwata. Ba gajiyar da barci ke magani ba ce.

Ba zan cika ki da labarin gida ba, kin san shi duka. Abu ɗaya nake roƙo, bari in faɗe shi tun yanzu kar ya nutse cikin surutuna. Kafin ki hau kar, babbar motar nan ta Yamai, ki je Urafane wurin Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifina. Mutanen da suka zo cin kasuwa sun gaya mini damina duka ba ta taka ko bakin zaure ba, tuwo ya fi ƙarfinta, kunu kawai take sha. Ita kaɗai ta rage cikin ɗiyan kakana. Ita kaɗai ta san sunayen waɗanda suka haife mu. Ni ubanki, da furfurata da kome, kakana ma da laƙabi na san shi, Dogo. Sunansa na yanka ban sani ba, balle na ubansa. Duk wanda kika tambaya a Urafane, Dogon nan dai zai ce miki. In Gwaggo ta rufe ido kafin wani ya karɓa, shi ke nan. Hutunki na farko yana da nisa, kuma ban ga alamar za ta jira shi ba.

Za ki ce me ya hana ni in je da kaina. Na je. Bari in gaya miki yadda na ɓata abin, don kar ki taka inda na taka.

Tun ina yaro a lakwal, makarantar boko, nake da ciwon na'ura. Duk abin da ke da waya a ciki, sai na buɗe shi hankalina ke kwanciya. Ina da wani mafarki a lokacin, irin naki ne, sai dai ni ban iya rubuta shi ba: wata rana za a ƙera akwatin da zai riƙe wa mutane kome, muryar tsofaffi da waƙoƙin daka da asalin kowane gida, ba wanda zai ƙara wahalar haddace wani abu. Ranar da na sami rediyo mai kaset na farko, wanda wani ɗan kasuwa ya kawo daga Jibiya, wallahi na ɗauka ranar ce ta zo.

Lokacin mahaifina ya riga ya rasu, sai Iya, mahaifiyata. Ni kuwa ɗan fari ne. Kin san yadda matan wancan zamani suke da ɗan fari, Iya ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ido cikin ido ba. In tana son in ci abinci sai ta ce wa ƙanwata, “Gaya wa wancan tuwonsa na hucewa.” Sai na ce to, ga maganin kunya ya samu. Na ɗauki rediyon na kai ɗakinta, na aika ƙanwata ta gaya mata ta faɗi asalin gidanmu tun daga farko, na danna jan maɓallin, muka fita duka muka ja mata asabari don ta sake. Na zauna a zaure ina ta jin daɗin wayona. Ta yi magana har kaset ya cika ciki da baya. Na rubuta “Asalinmu” a jikinsa da alƙalamin bik, na jefa shi akwatin ƙarfe, na kulle.

Ban saurare shi ba. Kin ji wautar. Kullum sai in ce ai yana nan, ina zai je? Aiki ya yi yawa, ga rediyoyin mutane jibge a rumfa, aure ya zo, shekaru suka wuce. Sai bayan mun yi wa Iya sadakar arba'in na ɗauko shi na sa. Ga muryarta tar, kamar tana bayan ƙofa. Ga abin da take cewa: “Mai gidan nan, Allah ya jiƙansa, ɗan dattijon nan ne da ba na faɗin sunansa. Shi kuma dattijon nan, ubansa mai sunan ƙanen mai gidan nan ne, na biyun, kun dai gane. Uwarsa kuma mai sunan surukuwata.” Haka har ƙarshe. Ƙanen nan da surukuwar ma da laƙabi kawai muka san su. Mijinta, surukinta, duk wanda ya ci sunansu, ba ta kama sunan ko ɗaya ba. Ta yaya za ta kama? Matar gidan ce, kunya ba ta bar ta ba don kawai ɗaki ya zama ba kowa. Ni da aka haifa cikin wannan al'ada, ni da ban taɓa jin ta kira ni ba, sai na manta da ita sarai don na ga jan maɓalli.

Akwai wurin da har yau ba na iya wuce shi. Tana cikin magana sai ta tsaya, ta ce, “To wa zai tambaye ni? Ba kowa ne?” Tana ta jira. Kina jin kaza na tono a tsakar gida. Can sai ta yi ajiyar zuciya ta ci gaba. Ni ina zaure a lokacin, ina yi wa abokaina bayanin yadda na'urar ke aiki.

Na kwashe muryar nan daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa kart memwar, daga nan zuwa salula. Duk sabon abin da ya fito sai na mayar da ita ciki. Shekara da shekaru ina ɗaukar babu daga wannan akwati zuwa wancan, ina lallaɓa ta kar ta lalace. Don haka, Uwata, a Yamai za ki ga na'urorin da ban taɓa mafarkinsu ba, ki koye su, ki fi ni iya su, ban hana ki ba. Amma in tsoho zai ba ki magana, ki zauna a ɗakin. Kuma duk abin da kika adana, ki buɗe shi ki duba tun mai shi na da rai.

Da na yi hankali da wannan, da da sauƙi. Ina! Shekarun baya, da na sami salula mai ɗaukar murya da hoto, sai ciwon ya tashi. Na hau kabu-kabu har Urafane, rairayi na cika mini baki, na sami Gwaggo ƙarƙashin rumfarta tana ɓarar wake. Wannan karon na ce zan zauna. Na kifa turmi a gabanta, na jingina salular a kai, na ce, “Gwaggo, asalinmu nake so.” Ta kalli abin, ta kalle ni, ta yi dariya ta ce, “Kai da kayan tsiyarka, Mamman.” Amma ta fara.

Ta ce kakanmu na farko mahaƙin rijiya ne. Daga arewa ya taso, shekarar da ƙasa ta ƙone, da matarsa da jaki ɗaya da igiya. Wata tauraruwa ya biyo, tana tafe yana tafe, har ta zo ta tsaya cak bisa wani fako, shi ma ya tsaya, ya sauke igiya ya fara haƙa. Tana faɗi tana lumshe ido, hannunta bai bar ɓarar wake ba. Ni kuwa idona na kan salula, na ga batir ya yi ja. Sai bakina ya ce, “Gwaggo, tauraro ba ya tsayawa, ƙasa ce ke juyawa. Bar wannan tatsuniyar, ba ni sunayen kawai, wutar na ƙarewa.”

Ta buɗe ido. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, “Ashe sauri kake. To tashi, kar rana ta faɗa maka a hanya.” Ta sa aka dama mini fura, ta yi mini addu'a, ta raka ni da ido. Daga ranar nan, duk zuwan da na yi, za ta tambayi lafiyar uwarki da taku ɗaya bayan ɗaya, ta sa mini albarka, amma da na taɓo maganar sai ta ce, “Ai na manta, tsufa.” Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, “Ba kome, ba ka yi mini kome ba.” Wannan “ba kome” ƙofa ce, kuma na ji ƙarar sakatarta.

Abin da ya fi cin raina, ni na fi kowa son labarin taurari a duk Tasawa. Da baƙo ne ya zo rumfata ya ce wani ya bi tauraro ya kafa gari a wata duniya, da na ajiye aiki na saurara baki buɗe. Amma da gwaggona ta faɗi nata, sai na tsaya gyara mata ilimin sama. Ki kiyayi wannan, Uwata, don karatu na jawo shi. Kin riga kin ci bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, za ki dawo da abin da ya fi bak, za ki ji tsoho ya faɗi abin da littafinki ya ƙaryata, harshenki zai yi ƙaiƙayi. Ki cije shi. Sunayen suna cikin labarin ne kamar wake cikin kwasfa, ba a ba ki ɗaya ba tare da ɗayan ba.

To ga yadda za ki yi. Ranar kasuwar Urafane motoci na tashi tun da safe, ki bi su, ki kwana biyu ko uku. Salularki ta zauna cikin jaka, kar ta ko gan ta. Ke jika ce, tsakaninku wasa ne, abin da ba za ta yi da ni ba za ta yi da ke. Ki tsokane ta yadda kika saba, ki ce kin zo ki ga ko tsohuwar ta bar miki gadon ƙwaryarta. Ki ɗauki wake ki taya ta ɓara in tana iyawa, in ba ta iyawa ki matsa mata ƙafa. Kar ki ce asali kike so. Ki ce ta ba ki labarin mai rijiya da tauraruwa, ki bar ta ta taso tun daga arewa, ko za ta kai la'asar.

In ta iso kan sunan ubanta ko na kakanta za ta tsaya, don ita ma ba za ta kama su da bakinta ba. Nan ne aikinki. Ke za ki riƙa jero sunaye, Abdu ne? Musa ne? Haruna ne? Za ta yi ta girgiza kai tana ce miki shashasha. Ran da kika faɗo daidai ba za ta ce “shi ne” ba, za ta sunkuyar da kai ta ce, “Allah ya jiƙansa.” To kin samu, ki wuce na gaba. Haka ake karɓar sunaye a gidanmu, jika ke faɗi, tsohuwa na amsawa, ƙanwata ce ta tuna mini bayan aikin gama ya gama. Abin da Iya ke jira ke nan ranar da ta ce wa zai tambaye ta. Ki maimaita su a gabanta har su zauna miki a ka, sannan in kin fito ki rubuta.

Saura naki. Na daɗe ina kewaye shi.

Bara da salularki ta riƙa maƙalewa kika kawo mini rumfa. Na tuna sarai kin ce, “Baba, rubutuna na ciki.” Na ce “na ji”, alhali kunnena na wurin wani mai rediyo da ke yi mini gardama. Hannuna ya yi abin da ya saba yi wa salular kowa, na yi mata formate, na wanke ta tas. Ta tashi garau, har ina yabon kaina. Da kika karɓa kika duba, kika ƙara dubawa, sai kika ce, “Ba kome, Baba.” Kalmar Gwaggo ce sak, har muryar. Na yi kwanaki ina neman hanyar dawo da rubutun, na kai ta wurin waɗanda suka fi ni a Maraɗi, ba abin da ya dawo. Labaran da kika yi shekaru kina rubutawa, ni mai gyara na share su kafin shayi ya huce. Tun daga nan ban ƙara jin kina karanta wa ƙannenki kome bayan magariba ba, gidan ya yi mini shiru, kuma na san ni na jawo. Ki yafe mini. Ban taɓa iya faɗa miki da baki ba.

Kina tsammanin ba na ji ne lokacin da kike karantawa? Rediyon da nake karawa a kunne bisa tabarma, rabin lokaci a kashe yake. Na riƙe labarinki da na fi so. Rijiyoyin ƙasarmu duka sun ƙafe, mutanen wani ƙauye suka ƙera kumbo da ƙarafan tsofaffin motoci, suka zuba irin gero da na wake cikin tulu, suka ɗauki akuya biyu, suka tashi sama. Wata yarinya Tsahara ce ke tuƙi, don ita kaɗai ba ta jin jiri. Suka isa wata duniya mai rana biyu, inda inuwar mutum ke rabuwa gida biyu, har tsofaffin cikinsu suka yi ta gardamar yadda za a gane lokacin azahar. Wannan wurin na yi dariya har na yi tari, na ce muku hayaƙin murhu ne. Sannan masu duniyar suka tare su a ƙofa, suka ce ba mai shiga sai ya faɗi waɗanda suka haife shi har inda suka fara. Tsahara ta buɗe baki.

A nan labarin ya tsaya, kuma na san abin da ya tsayar da shi. Kin zo rumfa washegari kin ce, “Baba, wa ya haifi Dogo?” Ban ɗago kai daga aikina ba, na ce miki, “Yana cikin kaset.” Na san babu kome cikin kaset ɗin. Kunya ce ta hana ni in ce wa ɗiyata ban sani ba. Kika yi ta jira in kunna miki, ni kuma ina ta cewa gobe, har na zo na share labarin gaba ɗaya, Tsahara na tsaye a ƙofar mutane baki buɗe.

Ki sake rubuta shi, Uwata. Abin da na'ura ta zubar, kunnena ya riƙe kusan rabi, in kin manta wani wuri ki tambaye ni. Ki rubuta a kaye, littafin rubutu, da bik tukuna, sannan ki sa a salula, sannan ki karanta wa mutane da baki, don abin da ya shiga kan mutum uku ya fi wuyar sharewa. A can za ki haɗu da masu ce miki wannan shirme ne, ƴar Tasawa me ya haɗa ta da kumbo, ki rubuta abin da ya shafi talaka. Wasu kuma za su ce sai da Faransanci ne rubutu ke zama rubutu. Ki gaishe su da ladabi ki ci gaba da abinki. Jikar mahaƙin rijiyar da ya bi tauraruwa ce ke, ban ga wanda ya fi ki haƙƙin wannan labari ba. Ni sai da na tsufa na lura labarinki da na Gwaggo ɗaya ne, ƙasa ta ƙone, mutane sun ɗauki iri sun bi sama. Ba ki taɓa jin nata ba kika rubuta naki, ni da na ji duka biyun na katse ɗaya na share ɗaya.

Sauran nasihar uwarki ta yi miki, ta fi ni iyawa. Ki riƙe salla. Ki ci abinci ko ba daɗi. Kar ki ba kowa salularki ya gyara sai kin kwashe abin da ke ciki, ko da ubanki ne. Na haɗa miki wata da hannuna, tana aljihun jakarki na gefe tare da sharjer, batirinta sabo ne. In kin kira gida aka ba ni, na ce “lafiya lau” na miƙa wa uwarki da sauri, kar ki ɗauka ban yi kewarki ba. Haka aka gina ni, kuma na tsufa da sakewa.

Idona ya fara ruwa, bari in tsaya. In kin dawo daga Urafane, kafin ki ɗaure kaya, ki biyo ta rumfa. Zan ajiye abin da ke hannuna, zan kashe rediyo, in akwai mai jira ya jira. Ki zauna bisa bencin nan ki faɗa mini su ɗaya bayan ɗaya, tun daga Dogo har mai rijiya. Ke ki faɗi, ni in amsa. Shekaruna sun haura sittin, kullum bayan salla ina cewa Allah ya jiƙan kakannina a dunƙule, kamar mai gaida taron da bai san kowa ciki ba. Ina so in yi wa kakana addu'a da sunansa ko sau ɗaya kafin a fara yi mini tawa.

Allah ya kai ki Urafane ki same ta da sauran numfashi da sauran wasa. Allah ya buɗe mata baki gare ki. Allah ya kai ki Yamai lafiya, ya tsare miki mutuncinki da hankalinki da alƙalaminki, ya dawo mana da ke muna raye. Allah ya jiƙan Iya, wadda ta jira mai tambaya ba ta samu ba. Allah ya jiƙan Dogo, da wannan sunan dai tukuna, har ki dawo.

Wassalam.

Ubanki,
Mamman mai gyaran rediyo